Kaskon Kare da Lafiyar Garke: Me Ya Kamata Mu Ba Karnukanmu da Kyanwoyinmu?

Wata ranar kasuwa a Gazawa, ina tsakiyar duba tumakin da aka kawo sayarwa, wani dattijo makiyayi da na saba yi wa garkensa allura ya ja ni gefe. Ya zaro guntun buhu daga jakarsa, an buga masa hoton wani kare mai sheƙi. Ɗansa da ke ci-rani a Kano ne ya aiko masa da shi.

"Likita, duba mini wannan. Yaro ya ce abincin karnukan Turawa ne. Yana da kyau, ko in sa ya nemo wani iri?"

Na ce, "Baba, kafin buhun nan ya zo, me karnukanka ke ci?"

Ya yi dariya. "Kare ai shi ke ciyar da kansa. In an yi yanka a jefa masa huhu, in tunkiya ta mutu rabonsa ne. Sauran kwanaki ƙanzo da ruwan wankin tukunya."

A shekarar nan dattijon ya yanka raguna uku da ba ya so ya yanka, duk saboda ciwo ɗaya, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa ciwon yana da alaƙa da abin da ya faɗa mini cikin dariya ba. Na daɗe ina zagaya rugage da ƙauyukan Agie, Gazawa da Gidan Rumji, kuma abin da na gani ke nan kusan ko'ina: muna kashe kuɗi kan dusa da harawa da allurar dabbobi, amma kare da ke kwana tsakiyar garke ba wanda ke tambayar me ya shiga cikinsa. Alhali abin da kare ya ci yau, shi garke zai kiwata gobe.

Ragon da ke zagaye wuri ɗaya

Duk wanda ya daɗe da kiwo ya san ciwon. Rago ko tunkiya, wani lokaci akuya, sai ta ware daga ƴan'uwanta, ta karkatar da kai, ta riƙa zagaye gefe ɗaya kamar an ɗaure ta a turke. Wata ta dafe bango da goshi, wata ta makance ido ɗaya. Wasu su ce jiri ne, wasu su ce iska ce ta taɓa ta. Ƙarshenta dai wuƙa.

Da aka yanka na ƙarshe cikin ragunan dattijon, ina wurin, na roƙi a fasa mini kan. A cikin ƙwaƙwalwa muka tarar da jakar ruwa kusan girman ƙwan kaza, jikinta da ɗigo-ɗigo farare kamar tsabar gero. Kowane ɗigo kan tsila ne da ke jiran ya shiga hanjin kare.

Ga yadda abin ke zagayawa. An yanka rago mai jiri, an jefa wa kare kan ɗanye. Cikin kamar mako shida tsilar ta girma a hanjinsa, ta fara zubar da ƙwai tare da kashinsa, a makiyaya, a bakin rijiya, a kan harawar da aka shanya. Ƙwan ba ya ganuwa da ido. Tunkiya ta haɗiye shi tare da ciyawa, tsutsar ta bi jini ta hau ƙwaƙwalwa, ta gina jakarta a hankali. Sai bayan watanni ciwon ke fitowa fili, lokacin da kowa ya manta da kan ragon da aka jefar. Shi kuwa karen yana yawo lafiya lau, ba abin da zai nuna maka yana ɗauke da ita. Da hannunmu muke shuka ciwon, sannan mu zo muna neman maganinsa a kasuwa, ga shi kuwa idan jakar ta girma a ƙwaƙwalwa babu allurar da za ta narkar da ita.

Ƙullutun ruwa a hanta da huhu

Akwai ƴar'uwarta da ta fi ta sharri, domin ita har mutum take kamawa. Mahauta sun san ta sarai: ƙullutu mai ruwa da ake tararwa a hanta ko huhun raƙumi, saniya, tunkiya ko akuya. Mahauci ba zai sayar da wurin ba, sai ya yanke ya wurga bayan rumfa, inda karnuka ke zaune suna jira. Tsilar da ke fitowa daga wannan ƙullutu ƴar mitsitsiya ce, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma kare ɗaya na iya ɗaukar dubbai.

Cin naman da ya dahu ba ya sa wa mutum wannan cuta. Daga kashin kare ake ɗaukarta: yaro ya yi wasa da kare ya ci tuwo bai wanke hannu ba, ko ƙwan ya shiga ruwan sha ko ganyen miya. Ƙullutun zai yi shekaru yana girma a hantar mutum ko huhunsa ba a sani ba, kuma sau da yawa sai an kai ga tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a ƙasashe masu zafi.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne an taɓa cin ƙarfinta. Ƙasar Niyu Zilan, wadda tumakinta suka ninka mutanenta yawa, ta kafa doka a kan cutar a 1959. Tushen dokar abu biyu ne: kada a ba kare ɗanyen kayan ciki, kuma a riƙa ba karnuka maganin tsila a kan kari. A 2002 aka bayyana cewa ƙasar ta rabu da cutar. Babu ɗaya cikin waɗannan biyun da ya fi ƙarfin makiyayin Gangara ko na Cadakori.

A dafa, ko a binne

Saboda haka dokar farko a abincin kare ba ta buƙatar kuɗi. Kayan ciki masu lafiya abinci ne mai kyau ƙwarai, amma a yayyanka su ƙanana a tafasa kamar minti 30 kafin a ba shi. Wanda aka ga ƙullutu a jikinsa, da kan dabbar da ta yi jiri, a ƙone ko a binne da zurfi, a ɗora dutse ko ƙaya yadda kare ba zai tono ba.

Mushe kuwa ba rabon kare ba ne. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman in jini na fita ta hanci ko ta baya, a ɗauka ciwon saifa ne har sai ma'aikacin kiwo ya duba. Kada a feɗe, kada a bar karnuka su ja naman zuwa gida, domin ƙwayar saifa tana shekaru da yawa a cikin ƙasa tana jiran wani garke. Haka nan ɗan da akuya ko saniya ta yi ɓarinsa, da mabiyiya: a binne. Kare da ya ɗauka ya zagaye ruga da shi ya raba cutar ɓari kyauta.

Lokacin da na fi jin tsoro shi ne Babbar Salla. Kowane gida an yi layya, kowane lungu an zubar da abin da ba a so, karnukan gari da na ruga su yi kwana uku suna shagali. Rami ɗaya mai zurfi a kowace unguwa, wanda aka haƙa tun ranar jajibere, zai rage asarar da za a yi watanni masu zuwa.

Hatsin da ya yi funfuna

Kuskure na biyu da nake gani ya fito ne daga tattali. Uwargida ta tsince gyaɗa za ta yi ƙuli-ƙuli, ta ware baƙaƙe da motsattsu, ta ce a ba kaji da kare. Masarar da ruwa ya taɓa a rumbu, ko tunkuzar da ta kwana biyu ta yi kore, ita ma a ce ai dabba ce za ta ci. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara a wuri mai zafi da danshi tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, kuma kare na cikin dabbobin da ta fi yi wa illa.

A Ingila aka fara gano ta a 1960, bayan talotalo sama da 100,000 sun mutu saboda tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Ga kuma abin da ya kamata masu sha'awar buhu su sani: a ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta samu rahoton mutuwar karnuka sama da 100 da suka ci abincin kamfani, na cikin buhu mai hoto, wanda aka haɗa da masara mai wannan guba. Kyan buhu bai hana ba.

Alamomin a jikin kare su ne ƙin cin abinci, kasala, amai, sai farin ido da dasashi su koma rawaya kamar mai shawara. In ka ga haka, ka dakatar da abincin da kake ba shi nan take ka nemi ma'aikaci. Kada kuma a juye ragowar ga awaki ko shanun tatsa, don wani ɓangare na gubar yana bi ta nono zuwa cikin yaranmu. Hatsin da ba za ka iya tuƙa wa iyalinka ba, bai dace da kasko ba.

In za ka sayi na buhu

Ban ce abincin buhu ba shi da kyau ba. Mai kyau yana ɗauke da duk abin da jikin kare ke so a ma'auni daidai, kuma yana da sauƙin ɗauka ga mai tafiya mashekari. Yanzu ana samunsa a wasu kantuna da wuraren sayar da maganin dabbobi a Maradi, wani kuma ƴan ci-rani ke kawowa daga Najeriya. Sai dai sunan kamfani da hoton kare ba su ne ma'auni ba. In ba ka karatun boko, ka sa ɗan makaranta ko sakataren ƙungiya ya duba maka waɗannan.

Na farko, a nemi inda aka rubuta "aliment complet" da Faransanci, ko "complete" da Ingilishi. Ma'anarsa cikakken abinci ne da kare zai iya rayuwa a kansa. Wanda aka rubuta "complémentaire" ɗan ƙari ne kawai, kamar ƙuli-ƙuli a kan kwaɗo.

Na biyu, jerin kayan haɗi. A yawancin buhuna ana fara rubuta abin da ya fi yawa. In nama, kaza ko kifi na cikin na farko-farko, da dama. In masara ce da dusa tun daga sama har ƙasa, to hatsi ka saya da tsada, alhali kana da gero a rumbu.

Na uku, yawan furotin, wato sinadarin gina jiki. Ma'aunin da kamfanonin Amurka ke bi ya ce a busasshen abincin babban kare kada ya gaza kashi 18 cikin 100, na kwikwiyo da karya mai ciki ko shayarwa kashi 22.5, na babbar kyanwa kashi 26. Karen da ke bin garke yini guda a rana yana son fiye da mafi ƙarancin.

Na huɗu, ranar lalacewa, da sunan wanda ya yi shi da adireshinsa. In daga Najeriya ya fito, a duba lambar NAFDAC. Buhun da aka kankare kwanan watansa, ka bar wa mai shi.

Na biyar, hanci da ido. Kada ka sayi wanda aka farke buhu ana aunawa da tiya a rana, don ba ka san yaushe aka buɗe ba, ba ka san me aka gauraya ba. Zafinmu na watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana sa man da ke ciki ya yi ɗoyi da wuri, danshin damina kuma ya kawo funfuna. In ya yi warin tsohon mai, ko ya dunƙule, ko ƙwari sun shiga, ya tashi daga abinci. Araha ba ta ado. In ka saya, ka sayi ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda, ka ɗaure bakinsa, ka ɗora a kan katako cikin inuwa. Kuma kada a sauya wa kare abinci dare ɗaya. A riƙa gauraya sabon da tsohon har mako guda, in ba haka ba zai yi zawo.

Da na juya guntun buhun dattijon, cikakken abinci ne, haɗinsa ba laifi, amma kwanan watansa ya wuce da wata biyar. Ɗan nasa ya saya da zuciya ɗaya, an dai sayar masa da tsohon kaya.

Kaskon gida

Gaskiyar magana, kuɗin buhu ɗaya mai kyau ya isa ya sayi tiyoyin hatsi masu yawa, kuma mafi yawanmu ba za mu iya ɗorewa a kai ba. Ba kuma dole ba ne. Abin da nake gaya wa makiyaya shi ne a raba kasko uku: kashi biyu tuwon gero, dawa ko masara mai tsabta, kashi ɗaya abin gina jiki da aka dafa. Abin gina jikin na iya zama kayan ciki, guntattakin nama daga mahauta, garin busasshen kifi, dafaffen ƙwai, ko wake da ya nuna lugub. A yankinmu da ake cin fara, dafaffiyar fara ma tana yi, in ba daga gonar da aka yi wa feshi ta fito ba, kuma kafin a sa mata gishiri da yaji. Nono mai tsami ya fi madara ɗanya sauƙi a cikin babban kare. Ɗan cokalin man gyaɗa yana ƙara wa mai aiki ƙarfi. Hanta tana da amfani, amma sau ɗaya ko biyu a mako ta isa.

Akwai abubuwan da ke tukunyarmu da ba su dace da shi ba. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, don haka a ɗebi rabonsu kafin a zuba miya. Goro, tukar shayi da cakulan suna tayar musu da bugun zuciya, in ya yi yawa su kashe. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da zabo, yana tsagewa ya huda hanji. Sai ruwa: duk inda aka shayar da garke a zuba wa kare nasa a mazubi daban.

Babban kare sau ɗaya ko biyu a yini ya wadatar, kwikwiyo sau uku ko huɗu. Ma'aunin ƙoshi a hannunka yake: ka shafa haƙarƙarinsa, in kana jin ƙashin a ƙarƙashin ɗan nama, daidai ne, in kana ƙirga su daga nesa, yunwa yake ji. Kare mai yunwa shi ne ke barin garke ya tafi juji da mahauta, shi ke cuɗanya da karnukan da ba su da mai su, ta nan kuma haukan kare ke shigowa gida. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya kwana yana yi maka gadin dukiya, haƙƙinsa na wuyanka.

Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce

Kyanwa, ko mussa kamar yadda muke cewa a nan, ita ke tsare mana rumbu da ɗakin ajiyar dusa daga ɓeraye. Amma halittarta daban. Kare zai iya rayuwa da tuwo mai yawa da nama kaɗan; kyanwa sai da nama. Jikinta na buƙatar wani sinadari mai suna taurine da ake samu a nama da kifi, babu shi a hatsi. Rashinsa yana makantar da ita a hankali, kuma a 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna yana raunana mata zuciya. Shi ya sa ba a riƙe kyanwa da abincin buhu na kare. In za a saya mata, a nemi mai rubutun "chat" ko hoton kyanwa, a duba an ambaci taurine. A gida kuwa, dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, zuciya, guntun nama da ƙwai sun fi mata fura da tuwo. Masu cewa in an ciyar da ita ba za ta kama ɓera ba su kwantar da hankali: farauta ɗabi'arta ce, mai ƙoshin lafiya ma ta fi iyawa.

Ita ma tana da nata haɗarin ga garke. Kyanwar da ta ci ɗanyen nama ko ɓera mai ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira tokzofilasma, musamman ƴar ƙarama, tana zubar da ƙwayar a kashinta na ƴan makonni. Kyanwa kuma na son tona abu mai laushi ta yi kashi ta rufe, tarin dusa ko ƙaiƙayi kuwa ya yi mata daidai. Akuya ko tunkiya mai ciki da ta ci wannan dusa tana iya yin ɓari ko ta haifi matacce. Ga matan da jar akuyar Maradi ce bankinsu, ɓari ɗaya asarar shekara ce. Maganin a rufe buhunan dusa, a kife kwanonin ci bayan an gama, a zuba wa kyanwa yashi a wani lungu daban. Mace mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa, domin cutar na taɓa ɗan da ke ciki.

Abin da ƙungiya za ta iya

Mutum ɗaya ba zai iya wannan shi kaɗai ba, tunda karen maƙwabci ma a makiyaya ɗaya yake kashi. A nan ƙungiyoyinmu ke da aiki. A zauna da Sarkin Fawa a haƙa rami mai murfi a wurin yanka na kasuwa, a kewaye shi. A tsayar da rana ɗaya duk wata uku da za a ba dukan karnukan gari da na rugagen kewaye maganin tsila mai suna praziquantel. Sau huɗu a shekara shi ne mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Ana auna maganin da nauyin kare, saboda haka a nemi ma'aikacin kiwo na gunduma ko mataimakan likitan dabbobi na SVPP da ke kusa. Bayan an ba shi a ɗaure karen kwana biyu, a binne ko a ƙone kashinsa, don maganin tsilar yake kashewa, ƙwan na nan da ransa. A wannan zama kuma a tambayi allurar haukan kare. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Dattijon Gazawa bai sake aikawa a kawo masa buhu ba. Ya samu tsohuwar tukunya ya ware ta don karnuka, jikansa ke hura mata wuta duk ranar da aka yi yanka. Da na koma rugarsa bayan kaka, ya nuna mini ramin da suka haƙa bayan garke, ya ce, "Likita, mutanen ruga suna ta yi mini dariya, wai na tsufa ina yi wa kare girki."

Na ce, "Baba, ka bar su su yi. In shekara ta zagayo, ku ƙirga raguna."

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu lafiya da mu da ita.